Kaka a Cikin Leda

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin lissafi a wani kolej a Tasawa, na taɓa ƙarar da hutun damina guda cur a kan wata tsohuwa wadda tsawonta bai kai tafin hannuna ba. Hoto ce a jikin kati. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya kai labari gidan surukaina.

A wancan lokacin wani wasan kati ya shigo gari. 'Yan tireda ke kawo shi daga Maraɗi cikin ƙananan fakiti, suna jera shi kusa da alawa da balan-balan, abin da ke nuna wa duk mai hankali su wa aka yi dominsu. Ba irin kartar da muka saba ba ce, wadda ake raba wa kowa daga tari ɗaya. A wannan, kowa shi ke haɗa nasa kati arba'in da hannunsa, ya zo da su ya kara da na wani. Kowane kati da hotonsa, da ƙarfinsa, da ɗan rubutu a ƙasa mai bayanin aikin da yake yi. Kowane ɗan wasa yana farawa da wasu maki da muke kira rai, wanda ransa ya fara ƙarewa an cinye shi. Arba'in ɗin nan mu dami muke ce musu, don mu jikokin manoma ne, duk abin da aka tattara aka ɗaure dami ne a wurinmu.

Fadarmu ta shayi tana ƙarƙashin wani itacen bedi, a ƙofar shagon abokina, tela. Tare muka shiga lakwal, wato makarantar boko, da shi, amma shi ya ajiye alli tun kafin ya kai ga jarrabawar farko, ya kama keken ɗinki. Ni na ci gaba har na zama abin da yake kira Mushe, wato malam a bakin 'yan lakwal, wani lokaci don girmamawa, galibi don tsokana. Da wasan ya iso fada, ni aka ɗora wa karanta rubutun katunan da fassara shi. Sunayen kuwa ba mu wahalar da kanmu ba, kowane hoto muka raɗa masa wanda ya dace da fuskarsa. Akwai Macijin Wuta, akwai Sarkin Yaƙi, akwai Shirwa. Akwai kuma wata tsohuwa mai rungume da tukunya, wadda muka sa wa suna Kaka.

Kaka ita ce mafi rauni a duk katunan da na taɓa gani. Ko ƙadangare aka zana, zai kayar da ita. Aikinta ɗaya ne: in tana fili, duk lokacin da wani katinka ya mutu, sai abokin karawarka ya rasa ɗan rai kaɗan. Kowa ya ji wannan sai ya yi dariya, don ba wanda ke zama wasa da niyyar nasa su mutu. Guda ɗaya tak aka taɓa samu a duk fakitin da aka buɗe a fadarmu, wanda ya same ta kuma ya ba ni ita gyara a kan wata musaya, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka wanda ya fara laushi.

Wata rana ina gyaran takardun ɗalibai, hankalina yana can wani wuri, sai abin ya faɗo mini. Akwai wani kati mai hoton fara, wanda in ya mutu yakan dawo fili nan take. Akwai wani mai hoton murhu, wanda ke ba ka damar jefa naka katin a wuta da kanka, sau nawa ka ga dama. Fara ba ta da ƙarfi, Murhu ba ya duka, shi ya sa kowa ke zubar da su. To amma in ukun suka haɗu fa? Ka jefa Fara a Murhu, ta mutu, Kaka ta rage ran abokin gaba, Fara ta dawo, ka sake jefa ta. Haka har ransa ya ƙare, yana zaune da Macijin Wutarsa a hannu bai ko motsa ba.

Na ajiye jan bik ɗin da nake gyara da shi, na ɗauko sabon kaye na rubutu. A ranar ban ƙara gyara takarda ko ɗaya ba.

Daga nan na shiga kasuwanci irin wanda da mahaifina ya gani da ya ce a kai ni wurin masu ruƙiyya. Na ba abokina Macijin Wutata, na karɓi Fara uku. Na ba shi Sarkin Yaƙi, na karɓi Murhu biyu da wasu katunan jawo kati. Na bi sauran 'yan fada ɗaya bayan ɗaya ina sauke musu manyan katunana ina kwashe sharar da ke ƙasan aljihunsu. Abokina ya tambaye ni sau biyu ko lafiya, ya ce in matsalar gida ce in faɗa masa. Na ce masa ya bari dai ya gani. Cikin mako uku na haɗa dami wanda kati talatin da tara a cikinsa ba su da wani aiki a duniya sai hidimar guda ɗaya: waɗansu su jawo ta, waɗansu su tare mini duka kafin ta iso, waɗansu su tono ta in an binne ta. In ka cire Kaka, abin da ya rage ko almakashin tela ba zai so ya taɓa ba.

A cikin kayen nan na rubuta duk wata hanya da za a iya ɓata mini shiri, kowace da maganinta a gefe, tsaf kamar shirin darasi ranar da sufeto zai zo. Abu ɗaya ne ba shi da magani, wato Shirwa. Aikin Shirwa shi ne mai ita ya miƙa hannu ya zari kati ɗaya daga hannunka ba tare da ya ga fuskarsa ba, a fitar da shi daga wasan gaba ɗaya, ba tonowa. Ni kuma dole in riƙe Kaka a hannu har sai Fara da Murhu sun zauna a fili, don in na sauke ta da wuri kashe ta za a yi. Amma na yi lissafi. Kati shida nake riƙewa, saboda haka ko Shirwa ta zo, sau ɗaya cikin shida ne za ta dace. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, na rufe kaye.

Da hutu ya yi nisa, babban fadarmu ya shirya gasa. Dattijo ne da ya yi ritaya, ba ya wasa, shi dai nasa dafa shayi da yanke hukunci. Ya ce ba a sa ko dala, don ba zai zauna kan tabarmar caca ba. Amma wanda ya ci yana da ikon ya zaɓi kati ɗaya daga damin wanda aka cinye, ya tafi da shi har abada. Wannan a cewarsa tukuici ne. Ga sauran mutane dokar ba ta da zafi, in an ɗauke maka babba ɗaya kana da wani. Ni kuwa faɗuwa ɗaya ta ishe ni komawa gida da fara da murhu, ba mai suya.

Karawar farko na yi ta da wani direban tasha. Ya cika fili da dodanni, yana ba ni haƙuri tun kafin ya buge ni. Na sauke Murhu, na sauke Fara, na sauke Kaka, na fara ƙirga masa ransa da ƙarfi kamar ina koya wa 'yan aji ɗaya ragewa. Na ƙirga har sifili. Babban fada ya karɓi katunan uku, ya sa na sake karanta masa rubutunsu a hankali, ya juya su, ya ce halal ne amma ba ladabi. A ranar aka raɗa wa abin suna suyar fara. Na ci mutum na biyu, na ci na uku. Har na fara tafiya wata iri a hanyar gida, ina amsa gaisuwa da ka.

A karawa ta ukun ne wani ya ture kofin shayi. Bai zube da yawa ba, amma ya taɓa kusurwar Kaka, wurin ya kumbura ya fara rabewa biyu. Na ɗauke ta kamar jinjiri na kai gida, na shimfiɗa ta a kan faifai a inuwa, na zauna ina gadi.

Mahaifiyata ta fito daga madafa ta same ni a haka. Ta leƙa, ta tambaya ko takardar albashi ce. Na ce a'a, amma tana da muhimmanci ƙwarai. Sai ta ce, "To in tana da muhimmanci mi ya hana ka sa mata leda? Kai da ka yi boko."

Dole in yi bayani a nan. Tun shekarar da gara ta cinye takardar gonar mahaifina a cikin akwati, aka yi ta sintiri kafin a samu wata, mahaifiyata ta ɗauki alkawari da kanta cewa ba wata takarda da za ta ƙara kwana tsirara a gidanta. Takardun haihuwarmu, katin asibiti, shaidar karatuna, har wani hoton kakana da ba a gane hancinsa, duk an kai su wurin mai injin leda kusa da tasha an manne. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk garin haka muke. Abu in ya kai abu, leda ake sa masa. Saboda haka da ta faɗa, ban ji kamar shawara ba ce, ji na yi kamar an tuna mini sallar da na manta.

Washegari na bi layi a bayan masu katin ɗan ƙasa. Mai injin ya karɓi Kaka, ya duba gaba, ya duba baya, ya dube ni, ya tambaya wace ma'aikata ce ke ba da wannan. Na ce ya yi aikinsa kawai, ya sa mafi sirantar ledar da yake da ita. Na dawo gida na bi gefen da reza har ta yi daidai da 'yan'uwanta, ko gashi ba ta ɗara su ba. Na ɗaga ta na kalli fuskarta. Tsohuwa ta yi kyau, tukunyarta har wani sheƙi take. Na ce yanzu ko a rijiya ta faɗa ba abin da zai same ta.

Karawar ƙarshe ni da abokina ne, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Wanda ya fara cin uku shi ya yi nasara. Ya rufe shago, ya zauna ya ba yamma baya, 'yan kallo suka taru, kusan duk a bayansa. Na ɗauka don Macijin Wuta suke son gani. Na san yana da Shirwa a daminsa, ni na fassara masa ita da bakina, amma ina da layi biyu a cikin kaye.

Wasa na farko, Murhu ya zauna, Fara ta zauna, Kaka tana hannuna, saura zagaye ɗaya. Sai ya sauke Shirwa. Na baje kati shida, bayansu na kallonsa. Ya miƙo hannu ba gaggawa, ya zare Kaka. Na ce a raina ɗaya cikin shida ma ai yana faruwa, shi ya sa ake kiransa ɗaya.

Wasa na biyu Shirwa ba ta zo masa ba, na soya shi sarai. Da na sauke Kaka a fili, direban nan ya ce lallai tsohuwa ta yi sabon zane, aka yi dariya. Na yi murmushi, na ɗauka yabo ne.

Wasa na uku Shirwa ta dawo. Wannan karon na cakuɗa katunan hannuna sosai kafin in baje su, na sa Kaka a can gefen hagu, na kafa ido a kan na dama don in ruɗe shi. Ya bi idona da kallo, ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya zare na hagu. Ɗaya cikin talatin da shida. Wani a cikin 'yan kallo ya tashi ya koma bayan bedi yana tari.

Wasa na huɗu na kai hannuna baya, na cakuɗa har ni kaina ban san inda take ba, na baje su ban duba ba. Na ce in fuskata ce ke tona ni, to yau fuskar ma ba ta sani ba. Abokina ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya zari na uku daga dama. Ya juya shi. Tsohuwa da tukunyarta.

Ɗaya cikin ɗari biyu da goma sha shida. Ni da nake tsayawa gaban yara ina ce musu lissafi ba ya ƙarya, na zauna a kan tabarma ina tunanin wane malami tela yake zuwa wurinsa. Har na tambaye shi, rabi wasa rabi gaske, ko akwai abin da ya ɗaura a damtse. Ya ce tef ɗin awo ne kawai.

Saura tukuici. Al'ada ita ce wanda aka cinye ya baje daminsa a buɗe, mai nasara ya zaɓa. Na fara juya katunan, sai ya dafa hannuna.

"Bar su a kife, Mushe."

Ya tattara arba'in ɗin, ya cakuɗa, ya watsa su a kan tabarma duk a kife. Ya ja da baya taku uku, har bakin ƙofar shago, ya nuna da yatsa daga can. Babban fada ya ɗaga wanda ya nuna. Ita ce.

Sannan ya ce in taso in zauna a wurinsa. Na zauna. Ya koma nawa wurin, ya ɗebi kati shida har da ita, ya baje su kamar yadda nake yi, bayansu na kallona. Biyar sun sha hannu da gumi da ƙurar tabarma, sun dushe kamar tsohon buhu. Ta shidan kuwa hasken yamma ya faɗa a kanta tana walƙiya kamar gilashin mota. Ko daga bakin titi ana iya nuna ta.

"Wata uku kana kallon gabanta," in ji shi. "Ni bayanta aka ba ni in kalla."

Na juya wurin babban fada na fara jawabi a kan adalci. Ya bar ni na kai aya, sannan ya tambaya wa ya kai ta wurin mai leda. Na ce ni. Ya tambaya ko tela ne ya ba ni kuɗin. Na ce a'a. Ya ce to an rufe shari'a, ya miƙo mini shayi na uku, mai zaƙin. Abokina ya ƙara da cewa tun da ya karɓi damin nawa zai yanka kafin a fara wasa ya ji kaurinta a yatsa, da ya so da ya tura ta can ƙasa ba zan ko gan ta ba, amma wannan sata ce, bai yi ba. Abin da na ɗaga masa a gaban ido da hannuna kuwa, bai ga dalilin da zai sa ya runtse ba.

Na koma gida da kati talatin da tara. Mahaifiyata ta tambaya ina takardar nan mai muhimmanci, na ce an karɓe. Ta tambaya ko ta jiƙe kafin a karɓe. Na ce a'a. Ta ce to ka gani.

Abokina bai taɓa wasa da Kaka ba, don duk abin da ya same ni zai same shi. Na nemi ya mayar mini, na yi masa tayin kusan duk abin da ya rage mini, ya ce Fara ta ishe shi haka. Sai ya buga mata ƙusa a bangon shago, sama da keken ɗinki, daidai inda wasu ke rataye shaidar karatu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce difilom ɗinsa ce ta lissafi, kuma malamin kolej ne ya ba shi da hannunsa, da ledarta da komai. Ba a ƙara samun wata Kaka a fakiti ba, kafin shekara ta zagayo ma wasan ya mutu, yara suka koma waya, mu muka koma kartarmu ta da.

Ba zan ce abin ya sauya rayuwata ba, kati ne. Amma da aka koma lakwal, a makon farko, na cika allo da darasi, na ba yara aiki, sai na samu kaina ina tafiya zuwa bencin ƙarshe, na ce wa ta gefe ta matsa. Na zauna na ɗaga kai. Hasken taga yana faɗowa a kan kashi ɗaya cikin uku na allon, ɓangaren hagu, ba a ganin komai sai fari fat. A nan nake rubuta ƙa'ida kullum, in ja mata layi biyu. Shekara biyu ina rubuta wa 'yan layin nan “ba ya mai da hankali” a takardar sakamako. Na tambayi yarinyar da ke kusa da ni me ya sa ba su taɓa faɗa ba. Ta ce sun ɗauka na sani.

Tun daga ranar, duk ajin da aka ba ni, kafin in ɗauki alli sai na zauna a baya tukuna. Sababbin malamai suna ɗauka wata dabara ce da na koyo a wurin horo, ni kuma ba na gyara musu.

Kaka tana nan a bangon har yau. Kalandar da ke kusa da ita an sauya ta sau da yawa, fentin bangon ya ɓare, gashin abokina ya fara fari. Ita ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. Duk lokacin da na kai ɗinki sai ya ɗaga kai ya dube ta, ya dube ni, ya ce a gaida Inna, a faɗa mata ledarta tana da kyau.